Ambokile Mai Cire Fistin Shi Kaɗai

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a layin gareji na Mwanjelwa, a garin Mbeya, ya san Ambokile Mwakibinga, wanda ake kira Fundi, wato gwanin kanike. Ko bai san sunansa ba, ya san dogon tsohon nan mai rumfa ta ƙarshe, kusa da kwalbati, wanda ba ya taɓa wayar wutar mota, ba ya taɓa burki, sai cikin inji kawai. In mota ta fara hayaƙi tana zuƙar baƙin mai, ko injin ya soma ƙwanƙwasa daga ƙasa, kanikawan Mbeya da kansu suke cewa, "Ku kai wa Ambokile."

Abin da ke ba baƙi mamaki shi ne yadda yake aikin shi kaɗai. Cire fistin aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya kwance notunan murfin konrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya sa ƙotar guduma ya tura sama. Ɗayan yana tsaye a kan inji, hannu a shirye, da fistin ya leƙo sai ya cafe. Shi kuwa Ambokile sai ya kwanta ya tura a hankali har ya ji ringi, zoben jikin fistin, ya yi ƙas, sannan ya jawo jiki ya fito, ya miƙe, ya zagayo ya zare. Ya sake komawa ƙasa. Inji mai fistin shida, kwanciya shida da tashi shida, ga gwiwa ta fara ba shi labari. Maƙwabtansa sun sha cewa, "Fundi, bari mu kama maka mana." Yakan ce, "Na gode, ku yi naku."

Da ba haka yake ba. Shekara goma sha takwas yana da na ƙasa, Lusajo Mwaipopo.

Su biyun 'yan ƙauyukan Tukuyu ne, cikin gonakin ayaba da shayi suka tashi, amma ba su san juna ba sai da suka haɗu a wajen koyon aiki a Mbeya. Ambokile dogo ne, siriri, magana sai ta kama. Lusajo gajere ne mai ƙirar turmi, bakinsa ba ya hutawa, ran Lahadi kuma shi ne mai babbar murya a cikin mawaƙan coci. Da suka kafa rumfarsu a shekarar tamanin da ɗaya, tun ranar farko Lusajo ya raba aiki.

"Ni ne a ƙasa," in ji shi. "Kai in ka kwanta, ƙafafunka sai sun tare titi, a zo a take su a ce mu ne."

Haka kuwa aka zauna. Su sauke kan inji tare, su tsiyaye baƙin mai, su cire kaskon ƙasa. Ambokile ya kankare baƙin daskararren hayaƙin da ke bakin kowane rami, don kada ringi ya maƙale. Lusajo ya shige ƙasa da sifana da ɗan kurfinsa na buga alama. Kafin ya taɓa noti ko ɗaya, sai ya yi wa kowane konrod alama, shi da murfinsa, domin kowane murfi da nasa konrod, in aka musanya an kashe inji. Sauran kanikawa ɗigo suke bugawa, ɗaya, biyu, uku. Lusajo ma yana buga ɗigon, amma sai ya ƙara sara uku ƙanana a gefen da ke kallon gaban mota, su fito kamar sawun kaza. Ambokile ya sha yi masa tsiya a kan wannan.

"Kai da kajinka. Wa zai gani a cikin inji?"

"Wanda zai buɗe bayan na mutu. Ya san mutum ne ya yi aikin, ba irinka ba. Juya mini na biyu, Dogo."

Ambokile ya juya inji har na biyu ya sauko ƙasa. Lusajo ya kwance, ya ɗan ƙwanƙwasa murfi ya fita, ya zura guntun tiyo a kan kowace kusa don kada ta karce karanshaf, babban ƙarfen da konrod ke ɗaure a kai, sannan ya yi kira daga ƙasa, "Ga baƙo nan tafe!" Fistin ya leƙo, Ambokile ya tare shi da tafin hannu. Ko kallo ba sai ya yi ba. Ya san nauyin hannun Lusajo kamar yadda ya san takun matarsa Atuganile a tsakar gida. Da rana ta take su wanke hannu da kananzir, su zauna kan tsohuwar taya, kwano ɗaya na dafaffiyar ayaba da nama, Lusajo yana ba da labarin da ya riga ya bayar jiya, Ambokile yana tauna yana girgiza kai. Lusajo bai yi aure ba a lokacin, don haka rabin cin abincinsa a gidan Ambokile ne. Shi ya riƙe 'yarsu Subilaga ranar da aka yi mata baftisma.

Abin da ya raba su ya faru ne a damina ta shekarar casa'in da tara. Wani ɗan kasuwa, Mwakalinga, wanda ake ce wa Mzee, wato dattijo, ya kawo Landirobarsa a yi mata aikin inji, yana sauri domin da ita za a kai 'yarsa amarya Kyela. Ranar da suka buɗe injin, suna cikin aiki sun cire biyu, aka aiko wa Lusajo cewa gyatumarsa ba ta da lafiya a asibiti. Ya fita da gudu ko hannu bai wanke ba. Ambokile ya ga rana na tafiya, ya ce bari ya rage aiki. Ya shiga ƙasa da kansa ya cire na uku da na huɗu, ya zuba murafan a kwano ɗaya ya wanke, ya jera su a kan katako yadda ya ga kamar haka suke. Bai buga alama ba, domin ba aikinsa ba ne, bai saba ba. Washegari Lusajo ya dawo, ya ɗaure komai yadda ya tarar a jere.

Ran biki, a kan gangaren da ya wuce Tukuyu, injin ya buga. Amarya da ƙawayenta suka yi awa biyu a bakin hanya cikin yayyafi, daga baya a bayan motar ayaba aka ƙarasa da ita. Litinin da safe Mwakalinga ya zo da motar a ɗaure da igiya, ya tsaya a tsakiyar layi yana ɗaga murya har masu walda suka kashe wuta suka fito kallo.

"Kun kunyata ni a gaban surukaina! Wane ne a cikinku ya ɗaure injin nan? Wane ne?"

Ambokile mutum ne da bai taɓa shan irin wannan a bainar jama'a ba. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Ni a sama nake, Mzee. Ɗaurin ƙasa ba nawa ba ne."

Lusajo ya juyo ya dube shi. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a kan benci, ya koma gefe ya zauna.

Da yamma Ambokile ya sauke kaskon. Na ɗaya da na biyu ga sawun kaza nan. Na uku da na huɗu babu komai, kuma murafan a musanye suke, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi. Ya daɗe kwance a ƙarƙashin motar. Ya ce gobe zai faɗa wa Lusajo. Gobe ta zo, Lusajo ya zo aiki bai ce uffan ba, shi ma ya kasa buɗe baki, ya ce bari zuciya ta ɗan huce tukuna. A rana ta uku Lusajo bai zo ba. Mai gidan da yake haya ta ce ya je ƙauye. A makon ne gyatumarsa ta rasu. Ambokile ya je jana'iza, suka gaisa a cikin mutane, wurin bai dace da maganar inji ba. Bayan an share makoki Lusajo ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya hau motar Tunduma, garin bakin iyaka, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Ambokile ya je Tunduma sau uku yana bin gareji gareji. Wani ya ce ya tsallaka Zambiya. Wani ya ce a'a, Malawi. Wani direba ya rantse ya gan shi a Darussalam yana gyaran injin jirgin ruwa. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, 'yar'uwar Lusajo ɗaya tilo kuma ta bi miji zuwa can arewa.

Ambokile ya gyara motar Mwakalinga, ya je har shagonsa ya gaya masa gaskiya. Mwakalinga ya ce, "To yanzu me zan yi da wannan? Biki ya wuce." Ya gaya wa masu walda, ya gaya wa maƙwabta, kowa ya ji ban da wanda ya kamata ya ji.

Shekaru suka yi ta tafiya. Subilaga ta girma ta zama malamar makaranta, ta yi aure. Motocin da ya sani suka ƙare, sababbi suka shigo, ya koyi cikinsu. Kewar kuwa ba ta ragu ba, sai dai ta sami wurin zama. Ran Lahadi in mawaƙa suka tashi, kunnensa yakan nemi wata murya a layin baya. In ya ji abin dariya a kasuwa, sai ya kama kansa yana ajiye shi don ya ba wani da rana. Atuganile ta gaji da dafa ayabar mutum biyu tana ganin rabi na dawowa, ta rage.

"Baban Subi," ta ce masa wata rana, "ko mace ce ta bar ka, ai ya isa haka."

"Mace ai da na san gidan iyayenta," in ji shi.

Shekara goma sha uku bayan tafiyar Lusajo, wata safiya aka turo wata tsohuwar a-kori-kura mai lambar Zambiya har bakin rumfarsa. Direban, Sinkala, mutumin Nakonde ne, can ƙetaren iyaka daga Tunduma, ya zo sarin shinkafa, motar ta fara hayaƙi a hanya har ba a ganin bayanta. Ambokile ya sauke kan inji, ya tsiyaye mai, ya cire kasko, ya kwanta ya ɗauki tsumma ya goge murfin farko don ya buga alama. Sai ya ga an riga shi. Ɗigo ɗaya, ga sara uku a gefe. Ya goge na biyu. Ɗigo biyu, sara uku. Ya sa babban yatsa yana shafa wurin.

Ya fito har yana buga kai da ƙarfe.

"Wa ya taɓa buɗe injin nan?"

Sinkala ya tsorata. "Me ya faru, Fundi? An cuce ni ne?"

"Ba a cuce ka ba. Wa ya buɗe?"

"Wani tsoho ne a Mpika, shekara huɗu ke nan. Ɗan ƙasarku ne ma. Gajere haka, mai surutun tsiya. Kana biyan kuɗin gyara, yana ba ka labari kyauta har kunnenka ya yi ciwo."

Ambokile ya zauna a kan taya. Sinkala ya ga dattijo yana dariya, ruwa na bin fuskarsa yana wanke baƙin mai, sai ya je ya sayo masa shayi.

Kwana uku ya yi a kan injin nan, ya yi masa aikin da bai taɓa yi wa motar kowa ba. A gida Atuganile ba ta jira ya tambaye ta ba. Ta wanke masa rigar coci, ta auna shinkafar Kyela a ƙaramin buhu, ta sa aka saro nonon ayaba ɗanya guda.

"In ka je kada ka tsaya kana kallonsa kamar gunki," ta ce. "Ka buɗe bakin nan. Shi ya ja maka, shi zai fitar da kai."

Da sassafe suka tashi shi da Sinkala, suka tsallaka iyaka kafin rana ta yi zafi. Ambokile bai taɓa wuce Tunduma ba. Hanya miƙe, daji iri ɗaya, shi kuwa yana ta jera maganar da zai faɗa yana rushewa. Rana ta karkata suka shiga Mpika. Garejin da Sinkala ya sani ya zama wurin wankin mota. Wata mai sayar da gasasshiyar masara ta nuna musu hanya, ta ce su tambayi shagon Mutale a bayan kasuwa.

Ƙaramin shago ne, tumatir da busasshen kifi da sabulu. A bakin ƙofa wani tsoho na zaune a kujerar roba, sanda a jingine da cinyarsa, hannunsa na dama a naɗe a kan ciki. Ya rame, kansa fari fat. Ambokile ya tsaya da ayaba a kafaɗa, duk abin da ya jera a hanya ya gudu.

Tsohon ya ɗaga kai, ya bi shi da kallo tun daga takalmi har sama. Bakinsa ya ɗan karkace gefe, maganar tana fita a hankali.

"Har yanzu ba ka daina tsawo ba?"

"Lusajo."

"Ajiye ayabar mana, Dogo. Ko sayarwa ka kawo?"

Ya ajiye. Ya durƙusa ya kama hannun hagun da aka miƙo masa, ya riƙe da hannu biyu, ya kasa saki. Wata mace mai jiki ta fito daga shago tana tambaya da yarensu na Bemba. Lusajo ya amsa mata, sai ta dafe ƙirji ta ce da guntun Swahilinta, "Kai ne Dogo? Kullum Dogo, kullum Dogo! Na ɗauka ƙarya yake yi." Ita ce Mutale, matarsa. 'Ya'yansu biyu, suna makaranta. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a ƙarƙashin wata mota, tun daga nan bai sake riƙe sifana ba.

Sai washegari da hantsi, suna zaune su biyu a bakin shago da kofunan shayi, Ambokile ya yi ta maza.

"Murafan nan na Landirobar Mwakalinga. Na uku da na huɗu. Ni na cire su, ni na haɗa su a kwano. Ban yi alama ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar da na ɗaure. Na ɗauki murafan na ga babu kajina. Na ce a raina, Dogo ba ya kuskure, yadda ya jera haka suke. Da na tambaye ka, da ba a kai amaryar mutane a motar ayaba ba. Rabin laifin nawa ne." Ya kurɓi shayi, kaɗan ya zubo ta gefen baki, ya goge da kafaɗa. "Ba injin ne ya kore ni ba. Cewa da ka yi kai a sama kake. Shekara goma sha takwas ban san akwai sama da ƙasa ba sai ranar."

Ambokile ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini, ɗan'uwa."

"Wannan ai tun ina Nakonde na gama da shi, ko wata shida ba a yi ba."

"To me ya hana ka dawowa?"

Lusajo ya ajiye kofin shayinsa. "Da farko fushi. Da fushi ya wuce sai kunya, na tafi ban yi wa Atuganile sallama ba. Sai na ce bari in tara abin da zan shigo da shi a ga ban lalace ba. Sai aure, sai yara. Kowace shekara ina cewa baɗi." Ya ɗaga shanyayyen hannun da na hagu, ya sake shi ya faɗi. "Ga baɗin nan."

Kwana biyar Ambokile ya yi. Mutale ta dafa ayabar yadda mijinta ya kwatanta mata, Lusajo ya ce ba ta yi ba, ya kuma cinye kwano biyu. Ya tambayi kowa na layin gareji da suna, ana ce masa wane ya mutu, wane ya koma ƙauye. Ya sa aka kira Subilaga a waya, da ya ji muryar babbar mace tana ce masa Baba sai ya miƙa wa Ambokile wayar, ya juya fuska. Ambokile ya ce ya zo su tafi tare, ko na wata ɗaya ne. Lusajo ya ce hanya ta yi wa jikinsa tsawo yanzu, amma in ya ƙara jin ƙarfi zai zo Kirsimeti. Abu ɗaya ya roƙa.

"Ka je mini gidanmu. Ka duba kabarin tsohuwa. Ka tsaya a tsakar gidan ka kira ni, ka faɗa mini abin da idonka ya gani. Kada ka gyara mini komai."

Sati biyu da komawarsa Ambokile ya rufe rumfa ya hau motar Tukuyu. Ɗan baffan Lusajo ne a gidan yanzu. Ambokile ya tsaya a tsakar gida ya kira, Lusajo ya fara tambaya.

"Ɗakin tsohuwa yana nan?"

"Ya faɗi. An shuka wake a wurin."

"Bishiyar fiya ta bayan gida fa?"

"An sare. Kututturen ne kawai."

"Kabarin?"

"Yana nan, an share shi tsaf. Akwai furanni ja a kai, matar gidan ce ke kula da shi."

"Dutsen fa, ana ganinsa yau, ko hazo ya rufe?"

Ambokile ya juya ya dubi dutsen Rungwe. "Ana ganinsa har ƙoli. An yi ruwa da safe, yanzu gari ya washe."

"To tsaya haka kaɗan," in ji Lusajo. "Kada ka kashe."

Ya tsaya da waya a kunne, ba mai magana, sai kukan tsuntsaye da muryar mata masu tsinkar shayi a gangare, har katin ya ƙare.

Kirsimeti uku sun wuce tun daga lokacin, Lusajo bai zo ba. Kowace shekara a farkon Disamba yakan ce wannan karon kam sai dai in ƙafa ta ƙi, ƙafar kuma takan ƙi. Suna waya duk ran Lahadi bayan an taso coci, Lusajo yana magana, Ambokile yana saurare. Muryar tana ƙara yin ƙasa, wani lokaci sai Mutale ta karɓa ta ƙarasa masa zancen. Ambokile ya ce wa Atuganile bana in an gama girbin shinkafa zai sake komawa, kuma da ita za shi. Ta ce ita ba ta iya zaman mota na yini guda ba, amma ta riga ta sayi turmin zane ta ajiye wa Mutale a ƙasan akwati.